FILIN INJI DA HANYA: Kafin A Ƙara Wa Ƙaramin Babur Gudu

  

A wannan watan niyyata in yi bayani ne a kan batirin mota, sai ga wasiƙa daga Tamale wadda na ga bai kamata ta kwana ba. Wani dattijo ne ya aiko ta, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Ya ce shekara biyu ke nan da ya saya wa ɗansa ƙaramin babur, irin sikuta ɗin nan ɗan China mai cc 50 wanda ba a sa masa giya, domin yaron ya riƙa zuwa makaranta, ya kuma riƙa kai wa mahaifiyarsa kaya kasuwar Aboabo. To, yanzu yaro ya tasa shi gaba, wai babur ya mutu, ba ya tashi da wuri, in an zo hawa sai ya yi ta nishi, masu mapuka kuma suna wuce shi suna dariya. Abokansa sun ba shi shawara a huda salansa, a cire matatar iska, a sa babban fistin, kuma kuɗin da aka yanka masa ba kaɗan ba ne. Dattijon ya rufe wasiƙarsa da cewa, "Malam, in ba shi kuɗin nan ko in hana shi? Ina tsoron in hana ya je ya yi a ɓoye, ina kuma tsoron in ba shi in saya masa ajalinsa da hannuna."

Alhaji, na gode da wannan tambaya, domin na san ba kai kaɗai take damu ba. Daga Nima har Sabon Zango, daga Asawase har Wa, da wuya ka sami gidan da ke da saurayi da babur wanda ba a yi wannan muhawara ba. Amsata ita ce, kada ka ba shi kuɗin aikin da ya faɗa, amma kada ka sallame shi hannu wofi. Ka kira shi ku zauna ku karanta wannan shafi tare, sa'an nan ku tafi wurin makanike, wanda mu nan muke kira fita, ku bi aikin daki-daki kamar yadda zan jera. Abin da yaron yake nema, yawancinsa yana nan cikin babur ɗin, rashin kula ne ya binne shi.

Abin da ya kamata a fara sani

Ɗana, bari in juyo gare ka. Injin da ke cikin yawancin waɗannan sikutoci na China shi ne wanda ake kira GY6, ƙaramin cikinsu kuma in ka duba jikinsa ta ƙasa za ka ga an buga lamba 139QMB. Faɗin fistinsa milimita 39 ne, ƙarfinsa kuwa bai wuce na doki uku ba, kuma ba ya ba da wannan ƙarfi sai yana juyawa wajen sau 7,000 zuwa 7,500 a minti ɗaya. Wannan shi ne jarinka. Kusan duk abin da ake kira ƙara wa babur gudu, in ka bi shi a hankali, ɗayan abu biyu ne: ko dai a dawo da ƙarfin da ya ɓace saboda tsufa da datti, ko kuwa a ɗauki ƙarfi daga wani wuri a kai wani wuri. Kamar mai kwano uku na gero ne, in ya ƙara wa fura to ya rage wa tuwo.

Abu na biyu shi ne iska. Ita iskar da kake ketawa, ƙarfin da ake bukata domin a ture ta yana hawa ne fiye da yadda gudu yake hawa. In ka ninka gudu sau biyu, sai ka nemi ƙarfi sau takwas. Wato babur da ke yin kilomita 50 a awa, in kana so ya yi 70, ƙarfin da zai kashe wajen keta iska ya kusa ninki uku. Saboda haka duk wanda ya ce maka da huda salansa kawai zai sa ɗan cc 50 ya kama babbar mashin a hanyar Bolga, kuɗinka yake so.

Kafin a taɓa ko da noti ɗaya, a auna. Kada ka dogara da maleji, domin malejin waɗannan babura yakan faɗi fiye da gaskiya. Sa wayarka a aljihu da manhajar auna gudu a kunne, ka nemi miƙaƙƙiyar hanya wadda ba mutane ba dabbobi, ka je ka dawo, sa'an nan ka tsaya ka duba ka rubuta. Haka nan ka zaɓi sandunan lantarki biyu, wani ya riƙe agogo, a ga daƙiƙa nawa kake yi daga tsaye a ta farko zuwa ta biyu. Duk abin da aka sauya, a koma wannan hanya a sake aunawa. Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Wanda ya sauya abu huɗu rana ɗaya, in babur ya gyaru bai san wanda ya gyara ba, in ya lalace bai san wanda ya lalata ba. Kunne kuwa maƙaryaci ne, yana jin ƙara sai ya ce gudu ne.

Mataki na farko: a dawo da abin da ya ɓace

A fara da taya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana shan ƙarfin inji fiye da yadda ake zato, ga shi ƙafafun sikuta ƙanana ne. A sa iska gwargwadon abin da aka rubuta a jikin babur, da ma'auni, ba da matsawar yatsa ba. Daga nan a ɗaga babur a kan tsayuwarsa a juya ƙafa da hannu. In ta tsaya nan da nan, to birki yana kamawa, kuma injin yana fama da shi dare da rana.

Sai baƙin mai. Wannan inji bai cika lita ɗaya ba, kuma ba shi da matatar mai ta takarda irin ta mota, 'yar raga ce kawai a ƙasa. A ƙasarmu mai zafi da ƙura, ni shawarata a juye shi duk kilomita 1,000, a wanke ragar. Akwai kuma man giya a can baya kusa da ƙafa, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba har babur ya tsufa.

Sai fulogi da bawul. Fulogin da aka saba sa wa wannan inji shi ne C7HSA, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Bawul kuma ana daidaita shi ne inji yana da sanyi, a bar masa tazarar wajen milimita 0.05, da ɗan ma'aunin nan mai kama da reza. Da tafiya ta yi tafiya tazarar takan ƙuntata, bawul ya daina rufewa sosai, sai ka ga babur yana wuyar tashi da safe, yana mutuwa a danja, ba shi da kuzari. Na sha ganin babur da aka kawo domin a sa masa babban fistin, aka daidaita bawul cikin rabin awa, mai shi ya hau ya dawo yana tambaya me aka ƙara.

Sai matatar iska da kafireta. Matatar da ƙurar hunturu ta toshe tana shaƙe inji, ya riƙa shan fetur yana baƙin hayaƙi. In ta soso ce a wanke a shanya a ɗan shafa mata mai a matse, in ta takarda ce a sauya. A kwance kafireta a wanke, a busa ƙananan hujojinta da iska. Kada a bari a zura musu waya, domin waya tana buɗa huji, lissafin fetur ya rikice.

Mataki na biyu: bel da rola

Ga inda sirrin sikuta yake, cikin murfin nan na gefen hagu. Sikuta ba ta da giya irin ta babbar mashin. Abin da take da shi faranti biyu ne a gaba masu fuskantar juna, biyu a baya, da bel a tsakaninsu. A bayan farantin gaba akwai wasu 'yan dunƙulallun abubuwa guda shida, su ake kira rola. In inji ya ɗauki juyi sai rolar nan su watsu waje, su turo faranti, faranti ya matse bel ya hau sama a gaba, a baya kuma ya nutse ciki. Wannan hawa da nutsewa shi ne sauya giya, daga ta ɗaya har ta ƙarshe, ba tare da ka taɓa komai ba. A baya akwai babban sifirin da ke ja-in-ja da rolar, sa'an nan ga kuloci mai takalma uku wanda ke kamawa da kansa in juyi ya kai.

To shi bel yana cinyewa ta gefe. Sabonsa a wannan inji faɗinsa wajen milimita 18 ne, kuma za ka ga lambarsa a jikinsa, kamar 669-18-30, wato tsawo da faɗi da kusurwa. In ya rage da milimita ɗaya ko fiye, faranti zai rufe har ƙarshe amma bel bai kai sama ba, giyar ƙarshe ta ɓace ke nan. Babur mai shekara biyu da bai taɓa ganin sabon bel ba, ina kyautata zaton nan gudunsa ya tafi. A sayi mai lamba daidai da ta tsohon, kuma mai kyau, domin bel mai araha ya kan tsinke ne a inda ba gari.

Akwai wata dabara mai sauƙi. A ja layi da alƙalamin maka a fuskar farantin gaba, daga tsakiya zuwa baki, a rufe, a je a yi gudu a dawo a buɗe. Duk inda bel ya taka ya goge layin. In ragowar layin a baki ta yi yawa, to bel ba ya kaiwa ƙarshe, sai a nemi dalili.

Su ma rola suna cinyewa, su yi gefe-gefe maimakon zagaye, sai su riƙa maƙalewa, babur yana fizga. A sauya su duka shida. A nan ne kuma ake iya wasa da nauyi. Ana sayar da su da giram, na wannan inji girmansu 16 da 13, nauyinsu kuma daga wajen giram 4 zuwa 9. Rola mara nauyi tana jinkirin turo faranti, sai inji ya yi ta juyawa da sauri, babur ya tashi da kuzari ya kuma ji daɗin hawa. Amma in ta cika rashin nauyi sai a sami ihu ba tafiya, fetur ya ƙone, gudun ƙarshe ya ragu. Mai nauyi kuwa tana saurin kai babur babbar giya, kamar direban da ya sa giya ta huɗu tun bai bar tasha ba. Abin da ake nema shi ne nauyin da zai riƙe inji a daidai inda ƙarfinsa yake. A auna tsofaffin a sikelin maƙeran zinariya, a rage rabin giram ko giram ɗaya, a je a gwada. Mai jiki da mai ɗaukar kaya sun fi bukatar mara nauyi a kan siririn yaro.

Za a nuna maka sifirin masu launi, a ce na tsere ne. Na kuloci masu tauri suna sa kuloci ya jira sai juyi ya yi sama kafin ya kama, babur ya yi tsalle. Abin burgewa ne a gaban abokai, amma a cunkoson kasuwa wahala ce, ga cin fetur, ga mahaifiyarka a baya da kwando. Babban sifirin mai tauri kuma yana taimako a hawa, sai dai yana ƙara wa bel zafi. Ga wanda zirga-zirgar gari ce aikinsa, na asali sun isa. In takalman kuloci sun yi santsi suna ƙyalli, a ɗan goge su da sanfefa. Kuma ina roƙon 'yan'uwana makanikai, a daina kwance notin faranti da guduma da kurfi, domin haƙoran sandar inji ake kashewa, gyaransu kuwa sai an tsaga inji biyu.

Masu babur ɗan gwanjo da masu mapuka

Wanda ya sayi sikuta mai cc 50 da aka yi amfani da ita a Turai, ya sani a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tsayar da wannan aji a kilomita 45 a awa. Saboda haka kamfanoni sukan ɗaure su tun daga masana'anta. Wani lokaci zobe ne ake sawa tsakanin farantan gaba domin kada su rufe, wani lokaci a ƙuntata bakin salansa, wani lokaci kuma akwatin wuta ne, wato CDI, ke yanke juyi. In malejinka yana zuwa wuri ɗaya ya tsaya cak alhali inji yana da sauran numfashi, to ɗaure yake. Kwance shi ba ya ƙara wa inji komai, ƙarfinsa ne aka sakar masa. Amma a kula da CDI, akwai mai aiki da wutar batir akwai mai aiki da wutar inji, in aka sa wanda ba nasa ba, ko dai ya ƙi tashi ko ya ƙone.

Masu mapuka kuwa, wato irin ƙirar Honda Super Cub da ta fito tun 1958, ku sarƙa gare ku, ba bel ba. Naku lissafin a haƙora yake. In na gaba 14 ne na baya 36, kuka mai da na gaba 15, kun ƙara tsawon giya da wajen kashi 7 cikin 100. Inji zai huta a doguwar hanya, amma tashi zai yi nauyi, kuma in ƙarfin bai kai ba, ko gudun ma ba za a samu ba. In kuka rage na gaba, tashi ya yi kyau, gudu ya ragu. Maganar gero ce dai, fura ko tuwo.

Shawarar abokai

Yanzu bari mu zo kan abubuwa ukun nan da aka ce ka yi. Inji yana son fetur da iska a gwargwado, wajen kashi ɗaya na fetur cikin kashi 13 zuwa 15 na iska a nauyi. In ka cire matata ko ka huda salansa, iska ta ƙaru fetur bai ƙaru ba, sai wuta ta yi zafi fiye da kima. Wannan inji kuwa iskar fanka ce kaɗai ke sanyaya shi. Wanda ya san aiki, in ya buɗe wa inji numfashi sai ya ƙara girman jet ɗin kafireta, mataki-mataki, yana duba fulogi. Bakin fulogi in ya yi ruwan ƙasa kamar shayi da madara, lafiya. In ya yi baƙi da toka, fetur ya yi yawa. In ya yi fari fat, a tsaya, inji yana cin kansa.

Cire matatar iska kuwa, a Tamale, ko kusa kada ka fara. Daga Disamba zuwa Fabrairu ka ga abin da ƙura take yi wa gilashin mota cikin dare ɗaya. Wannan ƙurar in ta shiga silinda ta haɗu da mai, sanfefa ce, za ta cinye zoben fistin kafin damina.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Ina yaron masta a Magazin ta Suame, na sami wani tsohon babur mai giyar hannu, irin mai shan fetur haɗe da baƙin mai. Na cire matata, na fasa salansa, unguwa duk ta san na iso. Mastana ya dube ni ya ce, "Yaro, garin gyaran gira za ka rasa ido." Ban ji ba. Ran nan na fita bayan gari na murɗa totur har ƙarshe na riƙe, can sai na ji inji ya yi shiru, fistin ya kama, ƙafar baya ta ƙulle. Allah ya sa ba mota a bayana. Tabon yana nan a gwiwar hannuna, kuɗin gyara kuma ya fi kuɗin da na sayi babur ɗin. Abin da ya fi ba ni haushi, da na tuna, ko a ranar da yake ihun nan ban taɓa auna shi na ga ya ƙara ko kilomita ɗaya ba.

A irin wannan inji mai hayaƙi, siffar salansa tana cikin lissafin ƙarfinsa, fasa ta rage ƙarfi ne. A irin naka mai bawul kuwa, abin da huji ke ƙarawa bai taka kara ya karya ba, sai dai ka hana maƙwabta barci, ka dami masu salla, ka kuma jawo hankalin 'yan sanda.

Saura babban fistin. Wannan kam gaskiya yana ƙara ƙarfi, domin jarin ne kansa aka ƙara. Amma a san abin da ake saye. Wanda ake rubuta wa cc 80 a kwali, faɗinsa milimita 47 ne, in ka yi lissafi cc 72 ne. Wanda ake ce wa cc 100, milimita 50 ne, cc 81 ke nan. Za ka ji bambanci a tashi da hawa da ɗaukar kaya, amma gudun ƙarshe ba zai ƙaru sosai ba, tun da giyar baya tana nan yadda take. Sa'an nan sandar inji da boris ɗinta an yi su ne domin ƙaramin fistin, yanzu ga babba yana dukansu, ga ƙarin zafi, ga sitata tana wahala. Dole a ƙara jet, a sake neman nauyin rola, a kuma lallaɓa inji na 'yan ɗaruruwan kilomita kafin a buɗe masa wuta. Na milimita 47 a hannun gwani yana iya daɗewa. Na 50 kuwa gajeren rai gare shi. Kuma tun da girman inji yana cikin takardun babur, a tuntuɓi ofishin DVLA da kamfanin inshora kafin a yi. Ni dai in aka haɗa kuɗin fistin da jet da aiki da gyaran da zai biyo baya, na fi ganin hikima a tara a sayar da wannan a sayi mai cc 110 ko 125, wanda aka yi birkinsa da ƙashinsa domin wannan gudun.

Haka nan kada a ɓata kuɗi wajen fetur mai tsada da sunan ƙarin gudu. Injin da ba a matse shi sosai ba, ba ya samun komai daga gare shi. Tsabtar fetur ita ce abin lura.

Maganar tsayawa

Alhaji, ga abin da nake so ka riƙe, ko da ka manta sauran. Babur da ke kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a daƙiƙa ɗaya, mai 60 kuma yana cin kusan 17. A ce yaro ya yi daƙiƙa ɗaya kafin hannunsa ya kai birki, a ce kuma birkin matsakaici ne a busasshiyar kwalta. Mai 40 zai tsaya a wajen mita 23. Mai 60 sai ya kusa mita 45. Wato a daidai inda na farko ya tsaya ya sauke ƙafa, na biyu bai ko sauko zuwa kilomita 50 sosai ba. A wannan tazara ne akuya take, da yaron da ya biyo ƙwallo, da mai keke da ya juyo ba zato. Ga ƙafa 'yar inci goma wadda ƙaramin rami ke iya kifar da ita, ga yashi a bakin titi.

Dokokin hanya na 2012, wato L.I. 2180, sun sa iyakar gudu a cikin gari kilomita 50 a awa, kusa da makaranta da kasuwa da asibiti da masallaci kuma 30. Sikuta mai cc 50 in tana da lafiya tana kai wannan ba tare da an yi mata tiyata ba. Ashe ke nan duk abin da za a ƙara a sama, ba inda za a kashe shi tsakanin gida da makaranta da Aboabo.

Saboda haka ga yadda za a kasa kuɗin. Kashi na farko, takalman birki da wayoyinsa, da taya in ta cinye, da hular kwano ta gaske mai maɗauri, ɗaya tasa ɗaya ta wanda zai goya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da wajen kashi 69. In yaron ya kai shekara 18 a tabbata yana da lasin. Kashi na biyu, baƙin mai da fulogi da bawul da matata da wankin kafireta. Kashi na uku, sabon bel da rola, a rage musu nauyi kaɗan in ana so. A auna kafin a fara, a auna bayan an gama, a gabanka. In bayan wannan duka yaro ya ce bai isa ba, to ba gyara yake bukata ba, wani babur yake so, sai ya yi haƙuri ya ƙara shekaru da hankali, ya kuma sa hannu a tara kuɗin.

Kai kuma ɗana, ka je wurin fita ka tsaya a kansa, ka riƙe sifana, ka tambaya. Yaron da ya san abin da ke cikin murfin hagu ba a cutarsa a gareji, kuma ya fi tausayin injinsa. Masu yi maka dariya a hanya, ran da ka faɗi ba su ne za su kwana a asibiti ba, wannan dattijon ne da mahaifiyarka. Ina jiran wasiƙarka da lambobin da ka auna, na farko da na ƙarshe, zan kuma buga su a wannan fili domin wasu su amfana.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan batir, da dalilin da ya sa yake saurin mutuwa a lokacin zafi. Mai tambaya ya aiko ta ofishin wannan mujalla kamar yadda aka saba. Allah ya kiyaye mana hanya, ya shirya mana zuriya. Wassalam.